Dankali na Huɗu

Lahadi, 9 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko jiya da na durƙusa gaban Fada don furta zunubi, ƙaryar da na yi wa malamar lissafi kawai na faɗa masa, na haɗiye wannan. Ranar da yayata Ninoska ta bar gidan nan, ta ba ni wasiƙa in kai wa Mama. Ban kai ba. Yau kwana tara ke nan.

Ni na raka ta bakin ruwa da safe, ina ɗauke da jakarta, domin ita ko a rana irin wannan ba za ta ɗauki kaya ba in dai ina kusa. Iska na neman cire mana kunnuwa. Ta cusa mini ambulan a aljihu ta ce, "Ɓera, ki bari sai gobe in ta huce. A hannunta za ki sa, kin ji ko? Ba Kaka ba, ba kan tebur ba." Sannan ta ja mini kunci har sai da hawaye ya zo, kamar yadda ta saba, ta hau jirgin fito.

Na buɗe wasiƙar. A kan tururin tukunya na riƙe ambulan ɗin har gam ya saki, yadda Leonor ta yi a littafin da nake karantawa. Na zaci zan ga yadda mace ke rubutu idan an so ta da gaske. Ko sunan mutumin babu. Shafi ɗaya ne. Ta ce ta sauka a gidan wata mata mai ba da hayar ɗakuna a Punta Arenas, ga lambar wayar gidan. Ta ce, "Mama, in kin ce in dawo zan dawo, ko a ɗakin kaji ne zan kwana. In ban ji komai ba har ashirin ga Agusta, na gane amsarki. Ranar zan bi wata ƙawata zuwa Ajantina, ba za ku ƙara jin sunana a bakin kowa ba."

Na liƙe na mayar cikin littafin. Tana nan.

Mama ba ta ƙara taɓa tukunya ba tun ranar. Babana Ramón yana teku wajen kamun ƙaguwa sai Oktoba, bai ma san komai ba. Kaka Ercilia ta ce hannunta ya daina riƙe wuƙa, ko da yake yana riƙe allurar saƙa daga safe har yamma. Saboda haka girki ya faɗo kaina.

Romon ranar Lahadi, cazuela, da ƙirga kawuna ake yin sa. Kowane mutum tsoka ɗaya, dankali ɗaya, yankan kabewa ɗaya, guntun masara ɗaya. Ba a ƙari, ba a ragi. Washegarin tafiyarta na je wurin mahauci, wanda ake kira Don Heriberto, shagon cike da mata, ya ɗaga murya yadda yake yi: "Danitza! Huɗu kamar kullum?" Duk suka yi shiru suna jiran bakina. Na ɗaga kai kawai. Jiya ma haka.

Mu uku ne a tebur. Kason na huɗu na zuba shi a robar askirim, na tura can ƙasan firiza, ƙarƙashin kifin Baba. Robobi biyu ke nan yanzu.

Talata, 11 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Gobe zan ba ta.

Alhamis, 13 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Na koma gadon Ninoska, wanda ke manne da bangon da bututun murhu ya bi. Shekara goma sha biyar ina kwana ta gefen taga da safa biyu, ban san ana iya farkawa da ɗumi a yatsun ƙafa ba.

Da rana Mama ta zauna a kicin, ta riƙe kofin shayi har ya huce a hannunta. Ina wanke kwanoni, na ba ta baya. Ta ce, ba da ni take ba, ba da kowa ba, "Shekara goma sha tara ina ciyar da ita. Ko layi ɗaya."

Kaka ta ce, "Ke kika ce ta fita, Gladys."

"Sau nawa kika ce mini in fita, Mama? Na fita?"

"Ke ai ba ki da inda za ki."

"Ko layi ɗaya," Mama ta sake faɗa. "Ko a bayan takardar burodi ne."

Na wanke cokali ɗaya sau uku.

Lahadi, 16 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Tuni duhu ya yi. Amma yau na ji daɗi, kuma zan rubuta na ji daɗi, ko da laifi ne.

Idan ina girki dutsen nan da ke ƙirjina yakan matsa gefe. Nakan sa naman a ruwan sanyi, in tsaya ina jiran kumfar ta taso in kwashe ta da ludayi, a hankali, har ruwan ya zama garau. Albasa, tafarnuwa, karas. Gilashin taga ya yi gumi, ba a ganin titi, titi ba ya ganina. Ba wanda ke tambayata komai. Bayan romon na dafa wake da kabewa tukunya guda, da miyar alkama da ƙashi, na jera robobi a kan tebur su huce, na manna salatif a murfin kowace na rubuta: Litinin, Talata, Laraba. Na yi wa haruffan ado. Idan na ɗaga murfin firiza na gan su a jere, sai in ji kamar mako mai zuwa ba zai iya yi mini komai ba, na riga na dafa shi na daskarar.

Kaka ta ɗanɗana ta ce, "Gishirin nan, leƙa tukunyar ya yi ya wuce?"

Na miƙa mata gishiri.

"Yayarki kuwa hannunta—"

Mama ta ajiye cokali. Kaka ta rufe baki. Daga baya Mama ta cinye nata tas, karo na farko, har ta ɗaga kwanon ta shanye. Ta dube ni ta ce, "Ya yi."

Ya yi. Na rubuta sau biyu don in gan shi.

Ta ƙasan firiza ban rubuta mata komai a murfi ba. Uku.

Laraba, 19 ga Yuli, tsakar rana

Abin da Kaka ke saƙawa ba safar Baba ba ce, kamar yadda ta ce. Ƙafar Baba ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba? Da ta ga ina kallo ta zauna a kai.

Tun watan Mayu Ninoska ke gudu daga kicin in an ɗora naman tunkiya. Ni na zaci yanga ce.

Asabar, 22 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Mama ta jefo mini jar kwat ɗin Ninoska a kan gado. "Sa, kada asu ya ci banza." Shekara biyu ina taɓa kwat ɗin nan a ɓoye. Na saki gashina, na fita da ita zuwa wurin mahauci, ina taka ƙanƙara a hankali kamar Leonor a tashar jirgi ranar da kyaftin ya dawo. Na rantse har na ji tafiyata ta canza.

Gaban kantin magani wani abu ya buge ni a ƙeya, dunƙulen ƙanƙara mai tsakuwa a ciki. Wata murya ta kira ni da sunan da ba zan rubuta ba, irin wanda Mama ta kira Ninoska da shi a daren da ta kore ta. Na juyo. Matar mutumin nan mai shuɗiyar mota ce, wanda ke rage wa Ninoska hanya, riƙe da hannun 'yarta.

Ta ƙare mini kallo, daga sama har ƙasa. Sai ta yi dariya. "Au, ƙanwar ce. Yi haƙuri, 'yar nan. Ke kam ba wadda za ta yi asarar barci saboda ke."

Na ce, "Ba komai, señora." Ni na ce ba komai. Har na ce na gode, ina jin.

Don Heriberto ya ce, "Huɗu?" Na ɗaga kai.

Litinin, 24 ga Yuli, ƙarfe bakwai da rabi na safe

An koma makaranta. Gobe zan ba ta.

Alhamis, 27 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

A aji Fabiola ta tambaye ni ko ni ma ina son a rage mini hanya a mota. Sauran suka kwashe da dariya. Na yi kamar ina neman abu a jaka har aka kaɗa ƙararrawa.

Na dawo na ɗumama robar Alhamis, na ci a tsaye daga tukunya.

Lahadi, 30 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Yau da gaske na yi niyya. Na fito da ambulan ɗin daga littafi na sa a aljihun atamfar girki. Na ce da an gama cin abinci.

Muna ci, Kaka ta ce, don ta ja Mama da hira, "Ki gode wa Allah da ya bar miki wannan, Gladys. Ba ta fita, ba ta magana, ba ta kallon kowa. Kamar an ajiye kujera."

Mama ta ɗan yi murmushi, na farko a wata guda. Ta raba dankalinta biyu da cokali. Ta ce, "Wannan? Da ita ce ta tafi, sai na ga dankali ya yi saura a tukunya kafin in lura."

Kaka ta yi dariya har ta sarƙe. Ni ma na yi dariya. Na tashi na kawo mata ruwa.

Na mayar da wasiƙar cikin littafi. Ba gobe ba, ba jibi ba. Ta zauna ta yi ta jiran layinta ɗaya.

Biyar.

Talata, 1 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Ban san abin da ya kai ni ba. Daga makaranta ban nufi gida ba, na shiga ofishin waya, na ba matar lambar. Na haddace ta ban sani ba. Ta nuna mini ɗaki na biyu.

Wata tsohuwa ta ɗauka. Na ce Ninoska nake nema, wadda ta zo daga garinmu Porvenir. Ta ajiye kan wayar a kan katako, na ji ta ƙwala kira. Sai na ji gudu a kan matakala. Gudu sosai, har wani abu ya faɗi ya fashe, tsohuwar tana cewa, "A hankali, yarinya, a halin da kike ciki!"

"Mama?" Tana haki. "Mama, ke ce? Mamita?"

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ninoska da ke magana kamar kowa bawanta ne.

"Mama, don Allah ki yi magana. Ko zagina ne ki yi."

Na tsaya ina sauraron numfashinta. Na ƙirga har goma sha biyu. Sannan na ajiye.

Abin da zan rubuta yanzu shi ne mafi muni. A hanyar gida na ji yunwa. Na ci roba biyu, ta yau da ta gobe.

Alhamis, 3 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Dusar ƙanƙara tun jiya ba ta tsaya ba. Ta kai rabin taga. Ba makaranta.

Lahadi, 6 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Jirgin fito ya daina ƙetarewa. Rediyo na cewa tumaki na mutuwa a tsaye a makiyaya, dubbai, ƙanƙara ta binne su. Don Heriberto ya ce naman jiya shi ne na ƙarshe sai an buɗe hanya, kuma ya ajiye mana huɗunmu saboda Baba abokinsa ne. "Ki gaishe mini da Ninoska, kwana biyu ban ga jar kwat ba," in ji shi, ya kashe wa matan ido. Ashe duk sun sani. Makonni shida suna kallona ina ɗaga kai.

Na dafa. Kumfa, ludayi, albasa. Yau dutsen bai matsa ba.

Na yi tunani: in jirgi ba ya tafiya, ko na ba da wasiƙar ba abin da za ta canza. Ke nan yanzu ba laifina ba ne, laifin ƙanƙara ne. Na ji sanyi a raina na kusan awa guda. Sai na tuna waya tana aiki.

Shida.

Laraba, 9 ga Agusta, tsakar rana

Saura kwana goma sha ɗaya. Na gama littafin. Kyaftin ya yafe wa Leonor a shafi ɗaya da rabi. Ƙarya ce.

Juma'a, 11 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Robobin mako sun ƙare tun jiya. Da safe Mama ta aike ni in share ƙanƙarar ƙofa, ta ce za ta duba ko akwai sauran kifi. Da na shigo na tarar da su jere a kan tebur, duka shida, farin sanyi na tashi daga jikinsu. Ta buɗe murafen. A kowace, ta cikin ƙanƙara, ana ganin tsoka ɗaya, dankali ɗaya, kabewa ɗaya, masara ɗaya.

Ba ta tambaye ni na waye ba. Ta juye ɗaya a ƙaramar tukunya ta kunna wuta, karo na farko tun ƙarshen Yuni. Muka tsaya mu uku muna kallon ta narke.

Ta zuba a kwano, ta danna dankalin da cokali. Ruwa ya fito daga cikinsa kamar an matse soso. Ya yi toka-toka, ya yi ramuka, ya zama kamar jiƙaƙƙen ulu.

"Wa ya ce miki ana daskarar da dankali?"

Na kalli kwanon.

"Ina tambayarki. A duk tsibirin nan akwai macen da ba ta san ana cire dankali kafin a sa romo a firiza ba? Yayarki tana 'yar shekara takwas ta san wannan. Ke kina can kin cusa hanci a littattafan sumbace-sumbace. Mako shida kina sayen nama kina lalatawa."

Kaka ta ce, "Gladys."

"Dubi. Dubi abin da ta ajiye mata. Ko kare zai shinshina ya wuce."

Sai ta zauna. Ta kai cokali baki. Ta tauna dankalin nan, ina jin ƙarar ruwansa a haƙoranta. Ta cinye shi duka, da kabewar da ta zama kunu, ta tsotse ƙashin. Ba ta ba kowa ba.

Da ta gama ta ce, idonta a kan kwano, "Zo nan." Na zo. Ta kama wuyan hannuna da ƙarfi har ya yi zafi. "Ke kina ajiye mata abinci kowane mako, ita ko layi ɗaya ba ta bar mana ba. Ban san wadda na haifa ba, ashe. Kin fi ta zuciya. Kin fi ni."

Ta ce, "'Yata."

Asabar, 12 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Ta ce 'yata.

Litinin, 14 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Kowace rana ɗaya take ci. Mu da Kaka muna cin kifi da shinkafa, ita ta ɗumama robar Ninoska, ta zauna a kujerar Ninoska. Na ce mata bari in cire dankalin in dafa mata sabo. Ta ce in kuskura in taɓa.

Kaka ta ba maƙwabciyarmu doña Zunilda labarin ta kan shinge, da ƙari. Yanzu wai kuka nake yi ina zubawa. Doña Zunilda ta shigo da burodi mai zafi, ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Waliyyiya ce kuke da ita a gida ba ku sani ba." Ta ba ni littattafai uku daga na 'yarta, ta ce ba sai na mayar ba.

Na karɓa. Na ce na gode. Ɗaya daga ciki ma yana da daɗi.

Laraba, 16 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Ta cinye ta ƙarshe. Ta wanke robobin shida da kanta, ta kife su a bakin taga.

An ce jirgi zai fara ƙetarewa gobe.

Saura huɗu. In na yi shiru na kwana huɗu kacal, shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani. Ninoska ba za ta rubuto ba, na san girman kanta. Zan ƙone takardar a murhu ranar Litinin. Gadon nawa ne, kwat ɗin tawa ce. Mama tawa ce.

Ai ita ta jawo wa kanta. Ni na ce ta shiga motar?

Alhamis, 17 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Muna cin abinci Mama ta ce, "Jibi tare za mu je wurin Heriberto. Nama ya iso."

Kaka ta ce, "Ke da ba ki taka titi ba mako bakwai?"

"Zan taka. Ni zan faɗa masa da bakina, a gaban duk 'yan gulmar nan. Uku. Daga yanzu uku ne, in Ramón ya dawo huɗu da shi. Na gama jira."

"Kada ki faɗi abin da ba za ki iya mayarwa ciki ba, Gladys."

"Na ci rabonta har ya ƙare, Mama. Ba ta da sauran komai a gidan nan." Ta juyo gare ni. "Ke kuma kin ji, kada in sake ganin dankali na huɗu a tukunyata."

Na ce to.

Kaka ta tashi ta shiga ɗaki. Ta bar saƙarta a kan kujera a buɗe, ba ta ɓoye ba. Ɗan takalmin ulu ne, rawaya, ƙafa ɗaya an gama. Mama ta ɗauke shi da yatsa biyu ta sa a aljihun tebur ta rufe.

Juma'a, 18 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Abin da nake so ke nan. To me ya sa na yi amai?

Bayan azahar Mama ta kira ni ɗakinta ta ce in zauna a ƙasa, za ta gyara mini gashi saboda fitar gobe, kada a ce 'yarta ta zama kamar tsintsiya. Ba ta taɓa yi mini ba, Kaka ce ke yi tun ina ƙarama. Ta sa mataji a hankali. Hannunta na warin albasa da sabulu. Na rufe ido. Na ce a raina, Allah, in za ka ɗauki raina ka ɗauka yanzu.

Tana kitsewa tana 'yar waƙa a maƙoshi. Ta ɗaure ƙarshen, ta shafa kaina, ta ce, "Juyo in gani, Nino."

Na juyo. Ta gan ni. Na ga fuskarta lokacin da ta gan ni.

Ba ta ce ta yi kuskure ba. Ta ce, "Gashinki ba ya riƙe kitso," ta ajiye mataji.

Asabar, 19 ga Agusta, ƙarfe tara saura na safe

Gobe ne ashirin.

Tun da gari ya waye nake zaune da ambulan ɗin a cinyata. Gefensa ya lanƙwashe, ga tabon tururi, duk mai ido zai san an buɗe. Na yi tunanin in ce yanzu na tsince shi a bayan gado. Na yi tunanin in ce a aljihun jar kwat na gan shi. Mama za ta yarda, tana son ta yarda. Amma Ninoska za ta faɗa mata a waya, a numfashin farko: ai Ɓera na ba. Ba wata hanyar da zan ba da takardar nan in tsira da kaina. Na duba ko'ina, babu.

Kada wanda ya karanta wannan wata rana ya ce kirki ne ya kama ni. Ba na kewar ta. In ta dawo za ta karɓe gadonta a daren farko, za ta ja mini kunci, kuma wannan karon tana da dalili. Doña Zunilda za ta aiko a karɓi littattafanta. Mama ba za ta ƙara kirana abin da ta kira ni ba, ko sau ɗaya, har ta mutu. Na sani.

Kawai dai ba zan iya tsayawa a shagon nan a gefenta, da kitson da ba nawa ba, in ji ta ce uku ba.

Ofishin waya na buɗewa ƙarfe tara. Jirgi na tasowa daga can da yamma. In ta kira da safen nan akwai lokaci, in dai Ninoska ba ta gaji ta riga ta tafi ba tun ranar da aka kira ta aka yi mata shiru. Wannan ma sai na faɗa. Zan faɗa daga baya, in ta bar ni na yi magana.

Ina jin ta a falo tana neman takalminta na fita, tana tambayar Kaka ina safar hannunta. Yanzu ta kira ni. "Danitza, 'yata, kin shirya?"

Na ce ina zuwa.

A hannunta zan sa. Bari in cire tabarau tukuna in ajiye a nan, hannun Mama yana da nauyi kuma ba ni da wani.